Abin da Tsatsa Ta Ci

Saƙon da ɗan ƙanwata ya aiko mini gajere ne: in zan shigo Kakau ranar Asabar, in taho masa da gishiri mai tsakuwa, irin na awo, kada in sayo mai laushin nan na leda. Na ɗauka uwarsa ce ke son kayan miya ta fake da yaro. Sai da na sauka a bakin titin Abuja, na ratsa unguwa na isa gidan, na tarar ashe gishirin na mota ne.

Motar tana kan wani tsohon benci a baranda. Gingimari ce mai bodin katako, tsawonta taƙi ɗaya da 'yan kai. Kan motar da gwangwanin madara ya ƙera shi, bodin da tsinken tsire da ya fere ya jera, tayoyin kuma daga tsohon silifas ya yanko su, kamar dai yadda muka yi muna yara. Inda ya bambanta da mu shi ne awo. Ya je wani gareji ya sa tef ya auna wata matacciyar 911 daga bamba zuwa wutsiya, ya raba kowane awo gida 35, ta yadda direban da zai dace da kujerar ba zai wuce santimita 5 ba. Amma launin da ya shafa wa kan motar ya tsaya mini a rai: ruwan makuba ne, dabbare-dabbare, wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi ja.

"Wannan wane irin fenti ne?" na ce. "Ko mai motar makoki yake yi?"

"Kawu, ai ba a zo kan fenti ba tukuna. Tsatsar ce wannan. Fenti sai daga baya."

Na ja kujera na zauna. Ya tsoma buroshi a ruwa ya ɗan jiƙa saman kai, da ƙasan ƙofa, da bakin bonet. Ya ɗebi gishirin da yatsu biyu yana barbaɗawa kamar mai gyara miya, nan ya tara, can ya sa ƙwaya biyu ko uku, wani wurin ya tsallake. Ya kai ta rana ta bushe. Sannan ya girgiza gwangwanin feshi ya lulluɓe ta da shuɗi, har gishirin. Muka ci abinci, muka yi hira, aka yi la'asar. Da fentin ya kama, ya ɗauko tsohon buroshin goge baki ya shiga karce ƙwayoyin. Duk inda ƙwaya ta faɗi sai ta bar huda a cikin shuɗin, mai baki karkace-karkace, makuba na leƙowa daga ƙasa. Kafin minti biyar, motar da ba ta taɓa taka kwalta ba ta yi shekara talatin tana jigilar citta daga Kaciya.

Abin ya burge ni, ya kuma ɗan sosa mini rai, kuma tun daga ranar nake neman dalilin na biyun.

Mu da muka yi motar kara da ta langa-langa, burinmu ɗaya ne: ta fito sabuwa dal. Mu tsinto takardar sigari mai ƙyalli mu liƙa mata, mu yi mata fitila da murfin kwalba, mu rubuta mata kirari a goshi kamar yadda ake yi wa manyan motoci. Ban taɓa ganin yaron da ya ɓata yininsa yana ƙera akwala da gangan ba. Tsatsa kyauta take zuwa mana. Ka manta da motarka a tsakar gida dare ɗaya cikin damina, da safe ka tarar ta yi ja, ka yi kuka, ka nemo toka da tsumma. Yau ga ɗan cikinmu yana kashe gishiri da fenti da yini guda, yana neman abin da muke gudu.

Ko sunan abin da yake yi ma sai da na yi lalube. "Abin wasa" ya yi masa kaɗan, tunda ba a ɗaura mata zare a ja, kuma wanda ya taɓa ta da hannun maiƙo zai ga ɓacin rai. "Samfuri" na 'yan kasuwa ne, abin da ake nunawa kafin a kawo sauran. "Mutum-mutumi" na mai rai ne. Daga ƙarshe na koma ga abin da kowa ke faɗa ba tare da tunani ba: 'yar mota. Kalmar ta fi yadda muka ɗauke ta. 'Yar mota ƙaramar mota ce, kuma ɗiyar mota ce, ga ƙanƙanta ga dangantaka a cikin gaɓa ɗaya. Ɗiya kuwa ana so ta ɗebo kamannin uwa. Shi kuma aikin sa mata alamun shekaru, Turawa daga sunan yanayi suka ciro masa suna, wato abin da rana da ruwa da iska ke yi wa kaya. Namu ya fi nasu ciwo: tsufarwa. Muna cewa wahala ta tsufar da wane, haihuwa ta tsufar da wance, kurkuku ya tsufar da shi. A bakin Bahaushe, in aka ce an tsufar da abu, akwai wani abu da ya sha, ba lissafin shekaru kawai ake yi ba.

Ita kanta tsatsa, dubi yadda muke hawa da ita mataki-mataki. Da fari mu ce ta kama shi, kamar zazzaɓi. Sannan mu ce ya yi tsatsa, kamar yadda mutum ke yin furfura. In abin ya yi nisa sai mu ce ta ci shi, in an gama mu ce ta cinye. Da wannan "ci" ta shiga sahun masu ci ba baki da masu ƙaramin baki: gara ta ci azara, asu ya ci bargo, wuta ta ci kasuwa, ruwa ya ci gari, bashi ya ci jari. Kunne ma yana jin wani abu a jikin kalmar. Tsatsa, tsutsa, tsotsa. Ban ce tushensu ɗaya ba, amma duk wanda ya jera su a baki zai ji haƙori na aiki a hankali, ba gaggawa.

Akwai ta huɗu da ta fi kama ni, wato tsatso. Wasali ɗaya ne tsakaninsu, kuma a nan kimiyya ta goyi bayan kunne. Ƙarfe ba ya zama a ƙasa yana ƙarfe. Tama ake haƙowa, tama kuwa ƙarfe ne da ya riga ya haɗe da iskar da muke shaƙa. Aikin maƙeran dā shi ne su raba auren nan da wutar gawayi da zuga-zugi, su kori iskar su tsira da baƙin ƙarfe. Mutanen Nok, waɗanda aka sa wa al'adarsu sunan wani ƙauye a kudancin wannan jiha tamu ta Kaduna, sun san wannan aiki fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma an tono matoyansu a Taruga, kusa da Abuja. Daga ranar da ƙarfe ya bar matoya yake neman hanyar komawa. Da ya samu danshi da iska sai ya sake ɗaura tsohon auren, abin da ya fito shi muke kira tsatsa. Ashe tsatsa tsatson ƙarfe ce. Jar ƙasar nan da ake gani a yankan titin Abuja, da marmarar da ake fasawa a zuba a hanya, abin da ya rina su ke nan. A kan tsatsa muke tafiya, da ita muke gini, ita ke shiga mana hanci da rani.

Yaron ya gano haka ta hanyarsa. Ya ga a bidiyoyin YouTube masu wannan sana'a a Turai suna buɗe 'yan kwalabe na garin launi, kowace da sunanta da farashinta, akwai na sabuwar tsatsa, akwai na tsohuwa, akwai na ƙurar hamada. Ya duba kuɗin, ya rufe waya, ya fita bayan gida ya ɗebo marmara ya daka, ya tankaɗe da tsohon ɗankwalin uwarsa. Bai yi nisa da asalin abin ba, domin wasu daga launukan da masu zane suka daɗe suna amfani da su ƙasa ce kawai mai ƙarfe a ciki, har ɗaya daga cikinsu sunan birnin Siena na Italiya take ɗauke da shi. Ya kuma jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan tsami ya bar shi kwanaki, ya tace, ya samu tsatsa ta gaske. Sai dai ta gasken ta ba shi kunya. Ɓarɓashin da bai fi milimita ɗaya ba, in ka ɗora shi a motar da aka rage gida 35, ya zama ɓawo mai faɗin murfin kwalba. Tsatsar gaskiya a jikin 'yar mota ƙarya take yi, sai an niƙe ta ta koma hoda sannan ido ya yarda.

Can inda sana'ar ta girma ma ba da tsufarwa aka fara ba. An daɗe ana ƙera ƙananan jirage da motoci a bar su tas kamar yau suka fito daga kamfani. Cikin waɗanda ake ambata da karya wannan al'ada akwai John Allen, wani mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya a Amurka, wanda a 1948 ya ci gasa da wani ɗan ɗakin ajiye kan jirgin ƙasa da ya yi wa baƙin hayaƙi da datti, har da tantabaru da kashinsu a kan rufi. Ya yi shekaru yana gina duniyar jiragensa a ƙarƙashin gidansa. Ya rasu a farkon 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin. Daga baya Shepard Paine a Amurka da François Verlinden a Beljiyam suka yaɗa dabarun cikin masu ƙera tankokin yaƙi, sannan Miguel Jiménez na Sifen ya zo da salon da ya cika intanet a yau, har tsatsa ta zama haja, ana zuba ta a kwalba ana aikawa ƙasashe. Shi kansa rabon gida 35 ɗin nan ba wani sirri ke cikinsa ba. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya ƙera wata 'yar tanka daidai girman da zai ɗauki batir da ɗan inji, da aka auna aka ga ta zo a haka, sai ya zama ƙa'ida.

Sunan Beljiyam ya sa ni dariya, domin mu da motocin hannu muka san shi. Wanda ya taɓa rakiyar mai sayen 'yar Beljiyam ya ga yadda bakanike ke kwanciya a ƙasa yana haska cikinta da tocila. Abin da yake nema ɗiyar gishiri ce. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi kuma ruwan gishiri yana hanzarta tsatsa, sai motar ta iso mana sama na ƙyalli ƙasa a cinye. Gishirin da ke kawo ta gaske a can, shi na ɗauko a leda daga kasuwa don a yi ta ƙarya a Kakau.

Bayan gishiri sai aikin hawaye, haka yaron ke kiransa. Ya ɗiga fentin mai kamar kan allura a ƙarƙashin kowane noti da kusurwar gilashi, ya jiƙa siririn buroshi da kananzir, ya matse, ya ja ɗigon ƙasa sau ɗaya. Sai ga zirin ja ya gangaro yana shuɗewa, irin wanda ruwan sama ke bari. A nan na lura da yadda harshenmu ya yi wa wannan aiki tanadi ba da saninsa ba. Launukan da ba mu da suna guda a kansu, da ruwa muke kiransu: ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan toka, ruwan ɗorawa. Tsatsa kuwa tana bin ukun farko a jere. Ta jiya ruwan goro ce, mai haske, tana kama hannu. Ta bara ruwan ƙasa ce. Wadda ta shekara goma ta koma ruwan makuba, ta yi tauri, ta kusa baƙi. Ni da na yi shekara hamsin ina ganin rufin kwano, kalma ɗaya nake da ita, ja. Yaro mai shekara goma sha tara yana duban kwano ya gaya maka wane gefe ne ruwa ke kwana.

Amma wanda ya koya masa karatun sosai ba a waya yake ba. Maƙwabcinsu ne, wani dattijo da ya yi tuƙin manyan motoci har idonsa ya gaza. Da aka gama, yaron ya kai masa motar da hannu biyu, ni ina biye. Dattijon ya ɗora ta a gwiwa, ya kawo ta dab da fuska, ya juya ta, ya daɗe bai ce komai ba.

"Yaro, katako yana tsatsa?"

"A'a, Baba."

"To me ya kawo ja a nan?" Ya nuna tsakiyar wani falanki. "In ka ga ja a jikin bodi, daga noti ya zubo. Nemi notin ka fara daga nan. Katako shi toka-toka yake yi, ya tsattsage."

Ya sake juya ta. "Wannan motar tana aiki ko ta mutu?"

"Tana aiki, Baba."

"Ƙarya kake. Dubi matakalarta. Matakalar da direba ke takawa sau ashirin a yini, karen mota na tsalle a kai, yaushe ta samu sukunin yin tsatsa? Fari take yi kamar cokali. Hannun ƙofa ma haka. Nan kuma," ya sa farce a ƙasan inji, "baƙin mai ne ke zama, shi da ƙura, su yi kitse. Tsatsa ba ta shiga inda mai yake. Je ka sa ta a salansa, sa ta a ƙasan gilashi inda roba ta mutu. Sannan wace hanya take bi? In Kaciya take zuwa da damina, jan laka zai kai mata har ƙugu. In da hunturu ne, farar ƙura ce a samanta. Kai ka haɗa mata damina da rani a rana ɗaya."

Yaron ya karɓi motarsa jiki a sanyaye. Da dare na gan shi da fensir yana goga bakinsa a matakala da hannun ƙofa, har suka ɗauki ƙyallin ƙarfen da ya sha taku.

A wurin dattijon nan na fahimci abin da ke cikin sana'ar. Na zo da zaton ado ne, a watsa ja nan da can don abu ya yi kama da tsoho, irin wandunan da samari ke saya a yayyage tun daga kanti. Ashe kowane ɗigo da'awa ce, kuma akwai mai iya ƙaryata ta. In ka sa tsatsa a wuri, ka ce ruwa ya kwana a nan. In ka bar wuri fari, ka ce hannu na zuwa nan kullum. Tsatsa ba ta faɗa wa ƙarfe ta ko'ina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsakuwa ta ɗauke fenti kamar ƙwayar gero, danshi ya shiga, tsatsar da ta fito ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, sai ta tura fentin sama ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, sabon wuri ya buɗe. Mai zana ta dole ya san wannan tarihi ya kuma bi shi a juye, ya fara da ƙarshe. Shi ya sa yaron ya ce mini fenti sai daga baya.

Ɗaya daga tambayoyin dattijon ita ce ta bi ni gida: tana aiki ko ta mutu? Domin tsatsa iri biyu ce, ko da yake suna ɗaya muka ba su. Akwai ta aiki, wadda ke raɓe a gefe da lungu, tana jiran abin da ke motsi ya tsaya, kullum ana goge ta da tafin hannu da tafin ƙafa. Akwai ta zama, wadda ke shimfiɗa ko'ina bai ɗaya, ba ta bar wurin hannu ba domin babu hannun. Garmar da ta yi damina tana noma da wadda ta yi damina a jingine duk za ka ga ja a jikinsu, amma manomi ba ya ruɗewa. Masu wa'azi ma ta biyun suke nufi. Malami kan yi maganar zuciyar da ta yi tsatsa don an bar ta ba zikiri, fasto kuma ya karanto wurin da Linjilar Matiyu ta haɗa asu da tsatsa a kan dukiyar da aka tara aka ajiye. A gari irin Kakau, inda Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilu ke cin kasuwa ɗaya, kana iya jin kalmar daga lasifika biyu a mako guda.

Wanda ya taso daga Kakau zai shiga cikin Kaduna, ya wuce Gonin Gora ya nufi Kakuri, makarantar tsatsar zama yake ratsawa. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, ta rufe a 2002. A nan United Nigerian Textiles ta tashi a shekarun 1960, da Arewa Textiles, da sauransu, lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna. A nan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, har 504 ta zama motar kowa. Yau dogayen rufin masaƙun da suka mutu suna nan, kuma in ka tambaye ni launinsu kafin in zauna a barandar yaron nan, da sai in ce ban lura ba. Na wuce su ya fi sau dubu. A rubuce, "sabo" na sabon abu da "sabo" na sabawa ba su da bambanci, sai a baki murya ke raba su. Muna son na farko har ba ma son ganin tsohon abu, na biyun kuma, wanda aka ce turken wawa ne, shi ya ɗaure mana ido har muka daina ganinsa. Ina jin abin da ya sosa mini rai ke nan a ranar. Na ɗauka tsatsar kwalba wasan waɗanda suka ƙoshi ne, mutanen da motocinsu ba sa tsufa a hannunsu, shi ya sa suke marmarinta. Har yanzu ban janye wannan zargi duka ba. Amma na ga cewa wanda zai zana ta sai ya tsaya ya dube ta, mu kuwa da muke kwana a cikinta ba ma tsayawa.

Masu dubanta da gaske a garin Kaduna suna Panteka. Can tsatsa tana da nauyi da farashi. Ɗan jari-bola ya turo kurarsa, mai saye ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya ji amonsa, ya kankare da farce ya ga iya inda ta ci, sannan a ɗora a sikeli. Abin da ya tsira a yanka shi a mayar da shi murhu ko ƙofa ko injin niƙa. Gefe guda kuma ga mai gyaran bodi, wanda aikinsa kishiyar na ɗan ƙanwata ne: ya goge ja, ya cike rami, ya fesa sabon fenti, akwala ta fito kamar amarya, mai saye ya gane bayan damina ɗaya. Ɗaya yana ɓoye shekarun da aka yi, ɗaya yana ƙirƙiro waɗanda ba a yi ba. In haka ne, wa ya fi wani gaskiya?

Tambayar ba sabuwa ba ce a wurinmu, domin tsufarwa sana'a ce da Hausawa suka sani tun kafin YouTube. Christopher Steiner, wani masanin al'adu, ya yi bincike a kasuwannin kayan sassaƙa na Abidjan ya fitar da littafi a 1994, kuma da yawa daga dillalan da ya zauna da su Hausawa ne. Baturen da ke sayen abin rufe fuska ko gunki ba ya son sabo, yana son wanda aka yi tsafi da shi, ya sha hayaƙi da hannu. To, sai a ba shi abin da yake so. A sassaƙa yau, a rataye a kan murhu, a shafa ƙasa da maiƙo, a goge inda goshi da haɓa za su taɓa, ya fito kamar ya ga kakanni. Kawunan Nok na jabu ma sun cika kasuwannin duniya. Dabarar ɗaya ce da ta barandar Kakau, har da sanin inda hannu ke taɓawa. Abin da ya raba su shi ne girma. Jabu yana zuwa daidai girman abin da yake kwaikwayo don ya shige a madadinsa, a biya kuɗin wane a tafi da mai kama da wane. 'Yar mota kuwa taƙi ɗaya ce. Ba wanda zai loda mata citta. Ƙanƙantarta ta riga ta yi ikirari tun daga nesa, saboda haka duk abin da ya rage mata shi ne ta faɗi daidai game da uwarta.

Zuwana na baya-bayan nan na tarar ya ajiye motoci, jirgin ƙasa ya shiga ransa. Ba abin mamaki ba ne ga ɗan Kakau, garin da layin dogo biyu suka ratsa. Akwai tsohon, na zamanin Turawa, wanda ya taso ta Minna ya nufi Kaduna, daga aikin da ya kai jirgi Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067. Akwai sabon, mai faɗin milimita 1,435, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016 tsakanin Idu a Abuja da Rigasa, kilomita 186, kuma Kakau na cikin tashoshinsa. Yana so ya gina guntun tsohon layin a kan falanki, da ciyawarsa da tsakuwarsa, ya samo ɗan jirgi mai aiki da lantarki ya ɗora.

Da yamma muka taka zuwa wurin don ya ɗauki hoto. A hanya yake gaya mini ƙa'idar masu wannan aiki: ana shafa wa gefen dogo launin tsatsa, amma saman sai a goge shi tas kafin fenti ya bushe. Dalili biyu ne. Na ɗaya, haka dogon gaske yake, ƙafar jirgi ba ta barin komai ya zauna a inda take bi. Na biyu, ɗan jirgin ta cikin dogon yake shan wuta, in fenti ya rufe saman ba zai motsa ba.

Daga wani tudu muka hango sabon layin, rana ta faɗa a kansa, zare biyu farare kamar bakin wuƙa. Da muka iso tsohon, na durƙusa na goga babban yatsana a samansa. Ya fito ja, ba ruwan goro ba, ruwan ƙasa mai duhu. Wata akuya tana kwance a tsakanin dogayen tana tuƙa.

Yaron ya tsuguna kusa da ni yana duban yatsan.

"Kawu, to ya zan yi? In na goge saman, ba wannan layin na yi ba. In ban goge ba, jirgin ba zai tafi ba."

Ban ba shi amsa ba. Ya zaro kwalin ashana daga aljihu, ya zubar da 'yan tsinkayen da suka rage, ya sa bakin makulli yana kankaro garin yana tarawa a ciki. Ni kuma na miƙe, na manta na share hannu a gaban farar rigata.